Amsa kan shekarun ƙarshe na Brecht

Malama, kin tambaya ko rikicin mata ne ko na siyasa ya fi damun Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Jamus, a ƙarshen rayuwarsa, tunda kuna shirin nuna wasansa a nan Jos. A ganina siyasa ce. Matarsa Helene Weigel ta daɗe da sanin tsakaninsa da Ruth Berlau da Elisabeth Hauptmann, waɗanda dukansu suke taya shi aiki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne boren ma'aikatan Berlin ta Gabas na 1953, wanda tankokin Sobiyet suka murƙushe: ya aika wa shugaban jam'iyyar da ke mulkin Jamus ta Gabas a lokacin wasiƙa, jaridarsu ta buga jimlar mubaya'a kaɗai, shi kuma ya koma yana yi wa gwamnati habaici a waƙar da ba a buga ba sai bayan rasuwarsa a 1956.