Ko tsofaffin jaridun gari abin dogaro ne wajen tono tarihi?

Ka tambaya ko za ka iya dogara da tsofaffin jaridun gari wajen tono tarihin al'ummarku. Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, amma kada ka tsaya a shafin farko, domin manyan labarai kowa ya ɗauke su. Dukiyar tana can ciki: sanarwar rasuwa, rahoton zaman kotu, wasiƙun masu karatu, har da tallace-tallace. Na taɓa ganin wata 'yar sanarwa mai layi huɗu a ƙasan shafi, ita ta raba gardamar da dattawa suka daɗe suna yi kan shekarar da aka buɗe wata makaranta.

Sai dai kowace jarida da mai ita, kuma yana da nasa mutanen. Sau da yawa talaka ba ya shiga shafi sai in an kai shi kotu, wannan kuwa yana ci mini rai. Don haka ka gwada abin da ka karanta da bakin tsofaffi.

Ka kuma hanzarta. Da niƙaƙƙen itace ake yin takardar jarida, tana da asid, shi ya sa take yin rawaya tana marmashewa a hannu. In ka samu, ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, har da sunan jaridar da kwanan watan da ke sama.