Tarwaɗata na ci sosai amma gyambo ya ƙi barinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina kiwon tarwaɗa a gida nan Maradi, basan biyu na siminti. Da abincin buhu nake saye wanda ake shigowa da shi ta Jibiya, da ya yi tsada sai na koma haɗa nawa, dusar masara da ƙuli-ƙuli da ɗan waken suya. Ci kam suna ci wallahi, amma kusan wata biyu ke nan ina ganin jan gyambo a jikinsu, wasu ciki ya kumbura, kullum da safe sai na tsame matacce ɗaya ko biyu. Na zuba magani ya lafa, ya sake dawowa. Wani ya ce wai amino asid ne babu a abincin, to shi kuma mene ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya faɗa maka haka bai yi nisa da gaskiya ba. Furotin ɗin da ake rubutawa a jikin buhu ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne na ƙananan sinadarai guda 20, su ne amino asid, kuma 10 daga ciki jikin kifi ba ya iya ƙera su, dole sai ya ci su a abinci. In ɗaya ya yi ƙaranci sauran ba sa amfanuwa yadda ya kamata, kamar mai ƙosai ce da wake buhu guda amma man nata ludayi ɗaya, man ne zai yanke mata yawan ƙosan da za ta toya.

To duba haɗinka. Lizin da metiyonin biyu ne daga cikin goman nan, to masara lizin ɗinta kaɗan ne. Ƙuli-ƙuli, duk da mu Maradawa muna ji da gyaɗarmu, yana da furotin da yawa amma ya gaza a lizin da metiyonin duka biyun. Waken suya yana da lizin, shi kuma metiyonin ne rauninsa. Ka ga kenan abu uku ka haɗa amma ramin metiyonin babu wanda ya cike shi, kifi ya ƙoshi a ciki jikinsa na jin yunwa.

Inda abin ya shafi gyambo shi ne garkuwar jiki ita ma da waɗannan sinadaran ake gina ta. Yauƙin nan da ke sa tarwaɗa ta suɓuce maka a hannu, shi ne katangarta ta farko, kuma akwai amino asid ɗin da ake kira tiriyonin da yawa a cikinsa, haka ma yauƙin da ke lulluɓe hanji. Ƙwayar cutar da ta fi kawo irin wannan jan gyambon, Aeromonas, dama tana zaune a ruwa kusan kullum, jira take katanga ta tsage. In ta shiga, fararen ƙwayoyin jini suna amfani da wani amino asid ɗin, arjinin, su ƙera wani sinadari da suke kashe ta da shi, gulutamin kuma, shi ma amino asid, shi ne makamashin su da na ƙwayoyin bangon hanji. Kumburi kansa ba abokin gaba ba ne fa, alamar jiki na faɗa ne, matsalar ita ce in an gama faɗan wutar ta ƙi mutuwa ta koma cin naman kifin, kuma a nan metiyonin ke shigowa don daga gare shi jiki ke samun sistin da yake haɗa gulutatiyon, mai kwantar da wannan ɓarnar. Shi ya sa magani ke lafar da ciwon ya dawo, ka kori ɓarawo amma ƙofa na nan a buɗe.

Waken suyan nan, kana soya shi ko dafa shi kafin ka niƙa? In ɗanye ne to ka daina yau, yana da abin da ke hana narkar da furotin. Ko a Norwe masu kiwon kifin salmon sun sha fama da kumburin hanji sanadin yawan waken suya a abinci, duk da tarwaɗa ta fi shi juriya. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ma ka zubar, gubarsa hanta take ci kuma tana karya garkuwa.

Ka sa garin busasshen kifi a haɗin, shi ne ya fi cika a amino asid. Masu sayar da kayan abincin kaji suna da garin lizin da metiyonin, kaɗan ake sawa a auna da sikeli, kar ka ce tunda yana da amfani bari in zuba da yawa, abin da ya yi rara amoniya yake komawa a ruwa, wato dattin da ke cutar da kifi.

Kuma kar mu ɗora wa abinci laifi duka. Da zafin Maradi na watan huɗu da na biyar ruwan basan saurin lalacewa yake, in yana wari ko kifin sun yi cunkoso to ko abincin buhu ne sai sun yi gyambo. Ka ƙara yawan canjin ruwa, ka ware masu ciwon, ka kai ɗaya wa likitan dabbobi ya duba kafin ka sake sayen magani. Tunda basan biyu gare ka, ka ba ɗaya sabon haɗin ɗaya kuma ka mayar da shi kan abincin buhu na wata guda, ka riƙa rubuta nawa ke mutuwa a kowanne, sai ka aiko mana mu gani.