Hukuncin haddace salsalar gidan matsafa na cikin labarin ƙirƙira

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. 'Yata mai shekara 15 ta shaƙu da littattafan Harry Potter, har ta zana salsalar wani gidan matsafa da ake kira Black ta manna a bangon ɗakinta. Kullum zancenta wani Marius, wai an zalunce shi. Shin wannan ya shiga sihiri? In ƙona takardar?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, kada ki ƙona takardar tukuna. Marius ɗin nan babu shi a duniya, a labarin ma ba wani jigo ba ne. Sunansa ya fito ne a zanen salsalar da marubuciyar, J.K. Rowling, ta yi da hannunta a 2006 don a yi gwanjonsa a tallafa wa wata ƙungiyar raba littattafai. Ɗan Cygnus Black ne, ɗan'uwan Pollux da Cassiopeia da Dorea, kuma danginsa sun goge shi daga salsala saboda an haife shi ba ya iya tsafi. A littafi na biyar, na 2003, an nuna yadda gidan ke yi: salsalar a saƙe take jikin wani tsohon ƙyalle na bango, duk wanda suka yi fushi da shi sai a babbake gurbin sunansa, ya rage ɗan baƙin tabo.

Sihirin da Shari'a ta haramta aiki ne: koyonsa, yinsa, zuwa wurin mai yinsa, gaskata shi. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta danganta koyar da shi da kafirci, kuma a hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa da Bukhari da Muslim suka ruwaito, shi ne na biyu bayan shirka. Haddace sunayen mutanen da ba a taɓa halitta ba bai shiga nan ba. Ba ƙarya ba ce kuma, tunda mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ƙirƙira ce, kamar yadda muka san a zahiri Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba. Malamai sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri a zaurukanmu, alhali Abu Zaidin da ke ciki ƙagagge ne.

Akwai malaman da suka hana irin waɗannan littattafai gaba ɗaya don toshe ƙofar ɓarna, kuma ban raina hujjarsu ba. Labarin yana nuna tsafi a matsayin baiwa da ake gada, wanda ya rasa ta shi ne abin tausayi. Wannan juya gaskiya ne, kuma yana iya zama a zuciyar yaro ba a sani ba. Abin da nake gani shi ne halas ne ga wanda ya san sihiri haramun ne, bai yi sha'awar gwada shi ba, kuma karatun bai cinye masa salla da karatun Alƙur'ani ba. Idan ɗaya ya ɓaci, hanawa ta wajaba a kanki.

Tausayin da take wa Marius kuwa, wallahi ya faranta mini rai. Taken gidan nan shi ne tsarkin jini, kuma abin da ta ƙi shi Musulunci ya ƙi. Muslim ya ruwaito daga Abu Malik Al'ash'ari cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin abubuwa huɗu na jahiliyya da za su saura a al'ummar nan. Na sha ganin gidajen da aka daina ambaton ɗa don ya auri wadda ake ganin ba tsararsu ba ce, sai ranar jana'iza a ga jikoki tsaye a ƙofar gida ba wanda ya san su. Ki nuna mata aya ta 13 a Suratul Hujurat, wadda ta ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, ki faɗa mata rashin iya tsafi kuɓuta ce, yanke zumuncin shi ne zaluncin.

Sannan ki ba ta wata takardar. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira umarnin mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Ta je wurin kakarta da biro, ta tambayi sunan mahaifin kakanta da 'yan'uwansa, da wanda ya tafi fatauci bai dawo ba, da waɗanda aka daina ziyarta. Idan ta samu wani a raye, ku shirya ku je gaishe shi.

Allah ne mafi sani.