Sanwicin kaza mai yaji: ka fara tambayar kitsen

Malam, ka tambaya ko ka gwada sanwicin soyayyar kaza a wajen masu kafa rumfa na 'yan kwanaki can Amurka. Ka gwada mana, amma ka yi tambaya tukuna. Da yawansu salon birnin Nashville suke bi, wanda gidan abincin Prince's da ke birnin ya shahara da shi: a soya kazar, sannan a shafe ta da garin barkono da aka kwaɓa da mai mai zafi. A girkin asali da kitsen alade ake kwaɓin, shi ya sa na damu. Ka tabbatar da man, da kuma yankan kazar.

Kada sabo da yajin tsire ya sa ka zaɓi mafi zafi, wannan maiƙonsa na riƙe baki. Ka je da wuri, kayansu kan ƙare.