Ta Rushe ko An Rusa Ta? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

*Wata ɗaliba daga Damagaram ta ce: Malam, daga ina kalmar "gurguzu" ta fito?*

'Yata, gurguzu 'ya'yan yakuwa ne, waɗanda ake daddawar batso da su. Ki zuba su a faifai ki duba, ba wanda ya fi wani girma, duk a cunkushe suke wuri guda. A nawa ganin wannan kamar ce aka aro wa tsarin mulkin.

*Wani dattijo injiniya daga Kaduna, wanda ya yi karatu a Mosko, ya rubuto: jikana ya ce Tarayyar Sobiyet "ta rushe", ni kuma na ce "rusa ta aka yi". Wa ya yi daidai?*

Alhaji, kun sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. A nahawu duk kun yi daidai, amma ba magana ɗaya kuka yi ba. In aka ce katanga ta rushe, damina ce ta ci gindinta, gara ta yi nata aikin, ba wanda za a kai ƙara wurin mai unguwa. In aka ce an rusa ta, to akwai mai diga a hannu, kuma dole a tambaya wane ne.

Su ma Rashawa wannan gardamar suke yi da kalmomi biyu. "Raspad" na nufin abu ya saki da kansa, "razval" kuwa na ɗauke da warin hannun mutum. Masu cewa rusa ta aka yi suna kafa hujja da ƙuri'ar raba gardama ta watan Maris 1991, inda kusan kashi 76 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a ci gaba da zama tare, sai ga shugabannin Rasha da Yukiren da Belarus, wato Yeltsin da Kravchuk da Shushkevich, sun keɓe a dajin Belovezha ranar 8 ga Disamba suka sa hannu cewa tarayya ta ƙare. Masu cewa ta rushe kuwa sai su tuna maka dogayen layukan sayen nama, da yaƙin Afganistan na kusan shekara goma, da hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, da faɗuwar farashin mai. Su ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su kuma ƙara da cewa jamhuriya shida daga cikin 15 sun ƙaurace wa waccan ƙuri'ar, sannan a ranar 1 ga Disamba fiye da kashi 90 na masu zaɓen Yukiren suka zaɓi ɓallewa.

Ku lura, kai da jikanka duk kun ɗauki ƙasar a matsayin gini, wato gida. Mutumin Lituweniya, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin da suka ƙaurace, ba zai yarda da wannan ba tun daga tushe. Shi a wurinsa gidan kaso ne aka buɗe, kuma ba a zaman makoki don ƙofar kurkuku ta ɓalle.

A nan ne wasu masu fassara labarai ke ba ni haushi. Yau "rushewa", gobe "wargajewa", jibi "tarwatsewa", kamar duk kanwar ja ce. Gini ke rushewa. Tsintsiya ke wargajewa in maɗaurinta ya tsinke, kuma kowane tsinke yana nan da ransa, ana iya sake ɗaure su. Tarwatsewa sai an firgita taro. Wanda ya ce "wargajewa" ya bar ƙofar sake haɗuwa a buɗe ko da bai nufa ba, kuma tun da Putin ya kira abin babban bala'in siyasar duniya na ƙarnin a 2005, wannan ƙofa ba abin wasa ba ce.

*Wani ɗalibi a Leipzig ya ce: tsofaffin nan na kewar Jamus ta Gabas. Akwai karin maganar da ta dace da su?*

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A 1990 Helmut Kohl, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya yi musu alkawarin ƙasa mai fure ko'ina, sai hukumar Treuhand, wadda aka damƙa wa kadarorin gwamnatin Jamus ta Gabas, ta sayar ko ta rufe dubban masana'antu, mutane suka wayi gari ba aiki. Shi ya sa ake lallaɓa tsohuwar motar Trabant ƙirar Jamus ta Gabas, wadda da sai an jira ta fiye da shekara goma. Amma ka yi hattara, ɗana, kada ka faɗa wa wanda 'yan sandan ciki na Stasi suka tsare wannan karin maganar.

*Wani ya tambaya ko a ce "labulen ƙarfe" ko "katangar ƙarfe".*

Labule. Haka Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya faɗa a 1946, yana nufin iyakar da ta raba Turai ta Gabas da ta Yamma. Katanga ta Berlin ce, kuma sai 1961 aka gina ta.