Hukuncin Sayar da Batir ga Masu Zuƙar Sigarin Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a kasuwar 'yan waya a Kano, ina sayar da caja da batira. Kwanakin nan samari masu zuƙar sigarin lantarki sun yawaita, suna zuwa neman batir mai lamba 18650 idan nasu ya mutu. Wasu miƙo min abin suke yi in sa musu in gwada. Batiran kuwa daga tsofaffin batiran laftof nake ciro su, in sake musu riga. Abokina ya ce ba ruwana, batir na sayar ba taba ba, har akwai malaman da suka halatta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa kasuwa albarka.

Batir ɗin da ka ambata halal ne a kan kansa. Shi ake sa wa tocila da fanka mai caji da fitilar sola. Wanda ya zo ya ce ba ni biyu, ya biya ya tafi, ba a ɗora maka ka tsare shi da tambaya ba, kuma askin kansa ko shigarsa ba hujja ba ce. Shi kuma sigarin lantarki hukuncin taba yake bi, saboda nikotin da cutarwa da ɓarnar dukiya. Ba zan tsawaita a nan ba.

Inda hukuncinka ya sauya shi ne cewarka suna miƙo maka abin ka sa musu ka gwada. Nan babu sauran zato, ka sani, har hannunka ya shiga. Wannan cinikin bai halatta gare ka ba.

Maganar abokinka tana da asali, ban ce ƙirƙira ya yi ba. An naƙalto daga Imamu Abu Hanifa cewa ya halatta a sayar da ruwan inabi ga mai yin giya, domin saɓon bai tsayu da ruwan ba, sai bayan mai saye ya canza shi da zaɓinsa. Amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad bn Hasan, ba su bi shi a nan ba. Malikiyya, waɗanda a kansu muka tashi, sun hana sayar da duk abin da aka san mai saye haram zai yi da shi, Hanbaliyya kuma suka ce cinikin ma ɓatacce ne idan sanin ya tabbata, ko da furucin mai saye ko da alamu bayyanannu. Dalilinsu ya fi ƙarfi: cikin mutum goma da aka la'anta a kan giya akwai mai matsa ta, alhali a lokacin da yake matsa, ruwan inabi ne tsarkakakke a hannunsa. Me ya kai shi ciki in ba sanin inda ruwan zai je ba? Sannan ko a kan ƙaulin Abu Hanifa ba ka tsira ba. Ruwan inabi sai ya kwana ya canza kafin ya zama giya; naka batir daga tafin hannunka yake shiga abin, yaron ya zuƙa a gabanka ya busa maka hayaƙi ya ce ya yi. Babu wani canji da ya shiga tsakani. Abokinka ya ɗauki rabin mas'ala ya bar rabi.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa ba ka tambaye shi ba. Tsohon batir da aka sake wa riga, in ka sayar ba ka faɗa ba, algus ne, ko ga mai tocila. Balle in an rubuta 9900mAh a rigar, wato yawan cajin da batirin ke ɗauka, alhali nagartaccen 18650 yana tsayawa ne wajen 3500. Kuma batirin laftof an yi shi ne ya ba da wuta a hankali, shi kuwa sigarin nan fizgar wuta yake yi da ƙarfi don ya gasa zaren ƙarfen da ke cikinsa a daƙiƙa biyu. Tsohon batir ya ɗau zafi ya fashe, ga shi a bakin mutum. A 2018 fashewar sigarin lantarki ta kashe wani a Florida ta Amurka. Ko 'yar tsagewa a rigar, ko a jefa shi aljihu tare da makulli, ta isa ta haɗa wuta. In aka ƙone fuskar ɗan mutane da batirin da ka ɓoye aibinsa, akwai lamuni a kanka.

Saboda haka, ɗan'uwa, ware na hannu daban ka rubuta a kwalin cewa na hannu ne, masu tocila za su saya da saninsu a farashinsa. Samarin kuwa kada ka kore su da tsawa, wasunsu sigari suke ƙoƙarin bari suka faɗa nan. Ka ce musu ba ka sa wa wannan, ka gaya musu hatsarin batirin tunda kai ka fi su sani. Kuɗin da ka ci a baya kafin ka sani, istigfari ya wadatar, sai dai wanda ka sayar wa tsoho da sunan sabo: in ka gane shi ka mayar masa da bambancin, in ba ka gane shi ba ka yi masa sadaka da shi.

Wallahu a'alam.