Linux Mint kyauta ne, ba wata damfara a ciki

Ɗan'uwa kana tambaya wai me ya sa za a ba da Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta alhali Windows da kuɗi ake saye, ko akwai abin da suke ɓoyewa. Babu. Lasisinsa ne ya ce kowa ya sauke, ya kwafa, ya ba wani, ya ma gyara in yana iyawa, kuma yadda aka rubuta shi a fili yake kowa na iya dubawa. Tun 2006 ake yin sa a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, wato dangin manhajojin da Mint yake ciki, masu amfani da shi ne ke tura gudummawa ana biyan masu aikin. Manufarsu dai wanda bai taɓa ganin Linux ba ya zauna ya fara aiki ran nan, shi ya sa madannin menu yake ƙasa ta hagu kamar yadda ka saba a Windows.

Ni laftof na hannu na saya wa ƙanwata a kasuwar Circle da ke Accra, RAM 4GB, Windows 11 ta ƙi hawa, ga shi Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, sai na sa mata Mint na Xfce, wato nau'insa mara nauyi, wallahi yanzu da LibreOffice, mai kama da Microsoft Office, take buga aikin makaranta a ɗakinmu a Nima ba ya tsayawa. Sharaɗi ɗaya ne, in da Photoshop ko CorelDRAW kake cin abinci kar ka goge Windows, ba sa hawa kan Mint kai tsaye. Sa Mint a filash ka tayar da injin daga nan tukuna, ka ga ko Wi-Fi da firinta suna aiki, kuma ka kwashe hotunanka kafin ka taɓa komai.